A Dawo da Miya Tsakar Gida

Maganata ta yau a kan tukunyar miya take, kuma da kowa nake: maigida da uwargida, mai gidan kansa da ɗan haya, na birni da na ƙauye. Mun ɗauko wata ɗabi'a a 'yan shekarun nan wadda da kakanninmu za su dawo su gani, sai sun riƙe baki. Mutum zai samu fili, ya yi gini, sannan ya kira masu intalok su shafe tsakar gidan tun daga bakin ƙofa har bayan ɗaki, ko tafin hannu guda na ƙasa ba a bari ba. In ya tarar da zogale ko gwanda a filin, su ake fara sarewa, wai suna zubar da ganye suna ɓata gida. Daga nan kuma kullum safiya sai an aiki yaro da kuɗi ya sayo ƙullin alayyahu wanda ya riga ya yi yaushi a rana, ana ta kukan tsadar rayuwa.

Wanda ya tashi a gidan gargajiya ya san yadda abin yake a da. Kabewa na yaɗo a kan danga ko a rufin ɗakin kaka, rama da yakuwa sun jeru a gindin zana, kuɓewa da gauta suna bayan ɗaki, zogale kuwa shi ne ma shingen. Lalo da karkashi da tafasa ba sai an shuka su ba, da damina ta sauka su ke kawo kansu. Mace tana da gayaunarta, dattijo yana da garkarsa. Har cikin manyan birane haka abin yake. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya tarar babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne da filaye, domin waɗanda suka gina ta sun san garin da ba ya noma a cikinsa ba zai jure ƙawanyar abokan gaba ba. Har zuwa zamanin iyayenmu, jakuna na fita da toka da shara da kashin dabbobi daga cikin birni zuwa gonakin kewaye, su dawo ɗauke da itace da amfanin gona.

Na san wani zai ce ai tsakar gida ba za ta ciyar da iyali ba. Gaskiyarsa. Ba za ta ba ka buhun masara ba, ni ma ban ce ta ba ka ba, hatsi na gona ne. Abin da nake kira a dawo da shi gida shi ne miya, kuma ina da dalili. Duk lokacin da aljihu ya yi zafi, maigida ba ya taɓa hatsi, domin shi ne ke hana yara kwana da yunwa. Kuɗin cefane ake fara yankewa. Yau a cire nama, gobe a rage mai, jibi a ce ganyen ma a bari sai an samu. A ƙarshe sai miyar ta koma ruwa da gishiri da dunƙulen ɗanɗano da ɗan garin kuka da za a kaɗa don tuwo ya wuce maƙogwaro. Kowa ya ƙoshi, ba wanda ya yi kuka, saboda haka ba wanda ya lura an yi asara. Alhali tuwo ƙarfin aiki yake bayarwa, amma yawancin abin da ke gina jini, ya kare ido, ya ƙarfafa garkuwar jiki, a cikin miya yake.

Sakamakon wannan yana nan a rubuce. Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Nijeriya ta gudanar a 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai 57 cikin 100, a jihohi irin su Kebbi da Jigawa da Katsina ma ya haura 60. Binciken ya kuma gano ƙarancin jini a jikin yara 68 cikin 100, da mata masu shekarun haihuwa 58 cikin 100. Ku duba fa, wannan yankin shi ne ke cika kasuwar Mile 12 ta Legas da tumatir da tattasai da albasa. Mu ke nomawa, mu ke lodawa a mota, 'ya'yanmu kuma su ne kan gaba a tamowa. Ba na cewa rashin ganye kaɗai ya jawo wannan. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da gudawa da talauci da rashin tsaro duk suna da hannu. Amma a cikin waɗannan musabbabai, wanne ne talaka zai iya taɓawa da hannunsa gobe da safe ba tare da ya jira gwamnati ba? Shi ne wannan da nake magana a kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganyayyaki da kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, wato ya ɗan gaza rabin kilo, kuma rogo da dankali ba sa cikin lissafin. Kowa ya auna wannan da abin da ke shiga tukunyar gidansa, ya raba da yawan bakin da ke ci. Gida mai mutum goma ba zai iya sayen wannan a kasuwa kullum ba sai mai hali. Amma gidan da ke da zogale uku da kwamin alayyahu da gindin gwanda biyu ya kama hanya.

Ganyayen nan da muke rainawa ba ƙananan abubuwa ba ne. Zogale da alayyahu da rama da lalo suna ɗauke da sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, da kuma abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Rashin bitamin A shi ne babban abin da ke kawo dundumi, yaro ko mai juna biyu su daina gani da zarar magariba ta yi, kuma shi ke sa ƙyanda da gudawa su fi yi wa yaro illa. A ƙasar Bangaladesh, wadda ta sha fama da wannan matsala, an lura tun shekarun 1980 cewa dundumi ya fi ƙaranci a gidajen da ke da ɗan lambu. A kan haka ne ƙungiyar Helen Keller ta fara shirin koya wa mata noman ganye a harabar gida wajen 1990, shirin da daga baya ya kai ga dubban ɗaruruwan gidaje, aka kuma kwaikwaye shi a wasu ƙasashen Asiya da Afirka. Mutanen Bangaladesh filinsu bai kai namu ba, cunkosonsu ya fi namu. Haka nan dankalin Hausa mai jan ciki, wanda aikin yaɗa shi a Afirka ya sa aka ba masana kyautar abinci ta duniya a 2016, yana yi a ƙasarmu, ganyensa ma ana miya da shi.

Wani abin sha'awa shi ne iyayenmu mata sun daɗe suna yin daidai ba tare da sun shiga aji ba. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa haɗi ne mai hikima, domin bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. In aka ƙara ɗanyen tumatir ko aka matsa lemun tsami, bitamin C da ke cikinsu yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikin ganyen. Inda muke kuskure shi ne dafa ganye har ya mutu murus, da tsiyaye ruwan a zubar, da labta kanwa, wadda ke lalata wasu daga cikin bitamin ɗin. Sai kuma kurɓar shayi mai kauri a kan abinci, wanda ke rage shigar sinadarin ƙarfe. Mai ƙarancin jini ya jinkirta shayinsa kaɗan bayan cin abinci.

Sannan akwai maganar sanin abin da kake ci. Ba na zargin manoman lambu, mutane ne masu neman halalinsu cikin wahala, kuma da yawansu na kiyayewa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Duk mutumin Kano ya san lambunan da ke bakin rafin Jakara da na Getsi, ya kuma san irin ruwan da ke bi ta nan: ruwan kwatar gari da na masana'antu. Masana sun sha auna ƙasa da ganyen da ake nomawa a wurin suna samun ƙarafa masu guba. Irin wannan gubar ba a wanke ta da ruwa da gishiri, tana cikin ganyen, kuma a hankali take taruwa a jiki. Ga kuma feshin maganin ƙwari. Kowane magani yana da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa da za a jira kafin a girbe, amma manomin da bai iya karatun boko ba, ga dillali na jiransa da mota, sau nawa zai jira? A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya. Su suna da na'urar aunawa a bakin iyakarsu. Uwargidan da ta aiki yaro kasuwar 'Yankaba ba ta da komai sai idonta. Hukumar NAFDAC ma ta sha gargaɗi a kan masu nunar da ayaba da mangwaro da kabayid na masu walda. Gwandar da ta nuna a kan uwarta a gidanka ta raba ka da wannan fargaba. Ƙari a kan haka, ganye yana fara rasa bitamin C tun daga lokacin da aka yanke shi, musamman a irin zafinmu, don haka wanda aka tsinka aka jefa a tukunya nan take ya fi wanda ya wuni a faranti a bakin titi.

Ta fuskar aljihu kuwa ba sai na tsawaita ba, kowa ya ji a jikinsa. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane kwando, hauhawar farashin abinci ta wuce 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Sharon na iya shiga tumatirin gida ma, ba na musu. Amma ba ruwanta da zogale da yakuwa, kuma zogalen tsakar gida bai san farashin fetur ba. Hausawa dai sun riga sun faɗa, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba, ita ce ta jikin mai aikin kansa. Hawan jini da ciwon suga sun shigo gidajenmu, har ƙauye, kuma babban abokinsu shi ne zama. Ma'aikaci daga mota sai kujera, ɗan kasuwa daga babur sai benci, uwargida kuwa injin niƙa ya karɓe mata daka, famfo ko ɗan garuwa ya karɓe jan ruwa, ba wani abu da ya maye gurbinsu. Likitoci na cewa baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wace dattijuwa ce a unguwanninmu za ta sa takalmin gudu ta fita titi? Wane alhaji ne zai je gidan ɗaga ƙarfe? Amma ban-ruwa da cirar ciyawa da kaftu da ɗaukar bokiti motsa jiki ne da ba wanda zai yi maka dariya a kai, kuma ba sai mace ta fita daga gidanta ba. A birnin Denver na Amurka, masana daga Jami'ar Colorado sun gwada abin a kan mutum 291: aka ba rabinsu wurin lambu da iri, rabi aka ce su jira. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna masu lambun sun ƙara motsa jiki da kimanin minti 40 a mako, sun ƙara cin abinci mai harza, damuwa da fargabarsu kuma sun ragu.

Wannan na ƙarshen ya fi tsaya mini a rai, domin damuwa ta yi mana yawa, ba ma kuma son kiran sunanta. Ku lura da dattijon da ya yi ritaya. Shekara talatin da biyar yana fita da safe, rana ɗaya a ce ya zauna. In ba shi da abin da zai tashi dominsa, sai ka ga cikin 'yan shekaru ya sukurkuce. Ba shi kwami huɗu da butar ban-ruwa ka ga yadda zai riƙa zagayawa bayan sallar asuba yana duba wanda ya tsiro, yana faɗa da kaji. Haka matar da ke wuni tsakanin bango huɗu na siminti, zafi na dukanta ta sama da ta ƙasa, domin siminti yana shan rana ya riƙa amayar da ita har dare. Gidan da ke da ƙasa da inuwar bishiya ya fi sanyi, wannan ba sai masani ya faɗa ba. Yara kuma, waɗanda a yau wasunsu ba za su bambance ganyen kuɓewa da na rama ba, in aka ba yaro gindi ɗaya aka ce nasa ne, zai ci abin da ya fito daga ciki ko da a da yana tsince ganye daga miya yana ajiyewa a gefen kwano.

To, sai uzurori. Na farko, babu fili. Buhun shinkafa da aka gama da shi, da tsohon bokiti, da fasasshen baho, da jarkar da aka yanke, duk gonaki ne. A huda ƙasansu don ruwa ya riƙa fita, a cika da ƙasa mai kyau da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki, a ajiye inda rana ke samu aƙalla rabin yini. Buhu in aka tsayar da shi aka tsattsaga gefensa, sama da gefe duk suna ɗaukar shuka. Alayyahu cikin mako uku zuwa huɗu ya isa yanka, in kuma aka yanka sama aka bar gindin zai sake tofowa. Kuɓewa wajen wata biyu ta fara 'ya'ya. Gwanda ba ta cika shekara ba ta fara bayarwa. Zogale kuwa ko reshe ka yanka ka kafa zai kama, sai dai a riƙa datse kansa in ya kai ƙirji, don ya yi rassa ya yi ganye maimakon ya miƙe sama inda hannu ba ya kai. Wanda ya riga ya yi intalok, cire guda goma a gefen katanga ba zai rushe gidan ba.

Na biyu, babu ruwa. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, musamman a inda ake sayen ruwa jarka-jarka. Amma a duba ruwan da ke bin rariya kullum a gida ɗaya: na alwala sau biyar na kowane baligi, na wankin shinkafa, na wankin kayan miya, na ɗauraye kwanuka. In aka tara shi a bokiti ya ishi buhuna da yawa. Ruwan da ke da sabulun wanki mai yawa ko bilic kaɗai za a kauce wa. A yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma, a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don danshi ya daɗe. Na uku kuma awaki da kaji, waɗanda maganinsu tsohon gidan sauro ne ko ɗan shingen kara, kuma su ɗin ne za su biya kuɗin ɓarnarsu da taki.

Sai dai dole in ja kunne a wasu wurare, kada gyara ya zama ɓarna. Kada a zuba ɗanyen kashin dabba a kan ganyen da za a ci ɗanye, a bari ya ruɓe tukuna, kuma kada a kusanci ruwan masai ko na kwata. Ruwan da aka tara a rufe shi, a kuma yi amfani da shi da wuri, domin sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa. In ƙwari sun taso, a fara da tsincewa da hannu, da toka, da ruwan jiƙaƙƙen ganye ko 'ya'yan darbejiya, kada a ɗauko maganin sauro na ɗaki a fesa wa abinci. A kuma san tarihin ƙasar da za a shuka a kai. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje har ƙasar tsakar gida ta gurɓace. Duk inda aka taɓa irin wannan aiki, ko fasa batirin mota, ko zubar da baƙin mai, a nemo ƙasa daga wani wuri a shuka a buhu.

Ga kuma 'yan uwanmu masu tallar magani da lasifika, waɗanda suka mai da zogale maganin cuta ɗari. Zogale abinci ne mai kyau ƙwarai, iyakarsa ke nan. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ci ganye, ya motsa jiki, amma kada ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai. Mai juna biyu ta ci ganyen, ta bar saiwa da ɓawo, ta kuma ci gaba da shan maganin ƙarin jini na awo. Yaron da tamowa ta riga ta kama, ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura, asibiti za a kai shi a ranar, lambu na rigakafi ne.

Wannan aiki ba zai tsaya a kan gida ɗaiɗai ba. An taɓa gwada shi daga sama: a 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka yi ta kira a rediyo kowa ya noma bayan gidansa, makarantu suka buɗe gonaki. Da gwamnati ta sauya, kuɗin fetur kuma ya ci gaba da shigowa, sai abin ya bi ruwa. Abin da unguwa ta riƙe da kanta shi ne ke daɗewa. Malamanmu sun san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Anas, wanda ke nuna mai shuka yana samun ladan sadaka a kan duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukarsa. Ina roƙon limamai su riƙa tunatar da wannan a kan mumbari, sannan su leƙa bayan masallaci su ga ina ruwan alwalar ɗaruruwan mutane yake tafiya. A mafi yawan wurare kwata yake haɗawa a bakin hanya, alhali da ɗan bututu zai shayar da layin zogale da ayaba da lemun tsami da almajirai da maƙwabta za su amfana. Masu gidajen haya, ku daina hana 'yan haya ajiye buhun shuka da sunan tsafta, ku dai gindaya sharaɗin kada a jiƙa gini. Masu unguwanni, kangwayen da suka zama juji da maɓoyar 'yan shaye-shaye, a nemi izinin masu su a ba matasa su noma kafin a tashi gini. Shugabannin makarantun boko da na Islamiyya, kowane aji ya samu kwaminsa.

Iri kuwa ba sai an kashe kuɗi ba. A bar kuɓewa biyu su bushe a kan uwarsu, a bar alayyahu ɗaya ya yi kai, a tsame 'ya'yan gwanda mai zaƙi a shanya, a roƙi reshen zogale a wurin maƙwabci. In damina ta yi albarka ganye ya yi yawa, a shanya shi a inuwa, domin rana tana cinye amfaninsa, a daka a zuba a kwalba mai murfi. A watannin bazara, lokacin da ganye ke tsada a kasuwa, cokali ɗaya na wannan garin a cikin kunun yaron da aka yaye ko a miyar mai jego zai yi aiki. Masu son latas da karas da kabeji da tumatir su jira sanyin hunturu, su zuba irinsu daga watan Oktoba zuwa Nuwamba.